Ƙwaron Magudanar Gonarmu

Kakata Iya Tabawa ba ta kirana da sunana, sai "ƙwaron ruwa", don ban iya zama wuri ɗaya ba. Da damina a Urafane, bayan magariba takan hura wuta hayaƙi ya kore sauro. Yara su zauna, ni kuwa ina kewaya su ina tsokalar itace.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta baƙin ƙwaron nan ce mai juyi a saman ruwa. Wai ya fita neman gida. Ya je tabki, kifi ya kusa haɗiye shi. Ya leƙa rijiya, duhu ya kore shi. Ya faɗa rafi, ruwa ya yi gaba da shi. Daga ƙarshe ya tarar da 'yar magudana a gefen gona, ruwanta na tafiya a hankali, ciyawa ta yi mata inuwa. Magudanar ta ce ya zauna, amma da sharaɗi: ya riƙa juyi kowa ya san lafiyarta lau, ranar da ta kamu da ciwo kuma ya buɗe fiffike ya tafi.

"In ka iske ruwa ba shi ciki, ɗana," in ji Iya Tabawa, "kak ka sha, kak ka ba bisashe."

A magudanar da kakanmu ya haƙa don janye ruwa daga gona muke sha in ƙishi ya kama mu. Sai mun ga ƙwaro yana juyi muke sa hannu.

Na girma, halin bai bar ni ba: safe gona, rana kabu-kabu, kullum cikin sauri. Bara na yi wa wake feshi, fasinja na jirana, na wanke abin feshin a magudanar na wuce. Bayan kwana biyu 'yata Rabi, mai shekara shida, ta kawo mini fura gona. Ina ɗaga kai na hange ta durƙushe bakin ruwan. Ruwan a kwance yake, ba abin da ke motsi. Na ruga na buge hannunta kafin ya kai baki.

"Baba, ai mai kyau ne," ta ce tana kuka. "Ko ƙwaro guda babu."

Kunya ta kama ni. Ni na ɓata ruwan, ni ne kuma ban taɓa zama na ba ta tatsuniyar ba. Da yammar nan na hura wuta na zaunar da ita, ni ma na zauna har na kai ƙarshe.

Yanzu kowace safiya tare muke leƙa magudanar. Har yau ƙwaron bai dawo ba.