Wani Dattijo Daga Ƙauye

Ƙanena ya yi shekara da shekaru a jami'ar Samaru yana karatun gaskiya. Ba gaskiyar kotu ba, ba ta coci ba. Wai ita kanta gaskiyar yake bincikawa, mece ce ita, ta ina ake gane ta. Ni da na tsaya a aji huɗu na ce masa, to Allah ya sa a same ta.

Duk Asabar yakan zo gidana a Sabon Gari, in tuƙa masa tuwon masara, ya ce, "Yaya, ba ni labarin Baba." Shi bai san Baba sosai ba, yana ƙarami aka kai shi makarantar mishan. Babanmu Bamaguje ne, kuma shi ake kai wa rigimar iyakar gona. Yakan ɗebi ƙasar wurin ya dama a ƙwarya, ya ce mai rantsuwa zai sha, amma sai bayan kwana uku. Kafin ranar, ɗaya yakan lallaɓo ya janye. Ina faɗa, ƙanena yana rubutawa, tuwo yana hucewa.

Da ya zama farfesa aka shirya masa lacca. Na ɗinka sabuwar atamfa, na zauna can baya. Turanci ya yi ta zuba, ban tsinci komai ba sai sunayen Turawa, ɗaya bayan ɗaya, yana kiransu kamar kawunnansa. Can sai na ji Hausa: "Mai gaskiya yana iya jira, maƙaryaci ne ke gaggawar rantsuwa." Maganar Baba ce, har da yadda yake jan ƙarshenta. Na gyara zama. Sai ya ce ya samo ta ne daga bakin wani dattijo a wani ƙauye kusa da Zariya. Aka tafa.

A waje na ja hannun rigarsa.

"Auta, wane dattijo?"

"Yaya, ƙa'idar aiki ce. Ba a faɗin sunan wanda aka yi bincike a kansa."

"Su Turawan nan ba su da ƙa'ida? Ai ban ce ka faɗi suna ba. Ubana, kalma ɗaya ce."

Ya waiga inda surukansa suke tsaye, manyan mutanen coci da suka san mu a matsayin 'ya'yan manomi kawai. Ya ce, "Za mu yi magana a gida."

Ba mu yi ba. Bayan wata biyu ya zo, wai sabon littafi zai rubuta, in gaya masa abin da Baba ke yi idan kwana ukun ya cika ba wanda ya janye. Na sani sarai, sau biyu na gani da idona. Na zuba masa miya, na ce tsufa ya zo, na manta.

Ya dube ni ya daɗe. Bai sake tambaya ba.