Teburin Mai a Hanyar Kamba

Maigidana yana da teburi a bakin hanyar Kamba, inda yake jera kwalaben esansi, wato man fetur. Daga Najeriya ake kawo masa man a jarkoki, 'yan kabu-kabu su tsaya da baburansu su sha lita ɗaya su wuce. Da wannan muka ci, da shi yara suka shiga lakkol, makarantar boko. Ni ce mai wanke kwalaben, har warin ya zauna mini a hannu.

Shekarar da Najeriya ta janye tallafin mai, jarkoki suka daina zuwa. Da farko bai fasa fita da safe ba, sai ya je ya zauna bayan teburin da babu kome a kai.

A kwanakin ne yayana, wanda ke koyarwa a Dosso, ya zo gaishe mu. Mutum ne mai sauraron rediyo. Ya zauna kan tabarma yana yi wa maigida bayani, wai duniya ce take son rage hayaƙi saboda zafin da ke ƙaruwa, kowace gwamnati da dabararta. Ya ce Najeriya ta bar mai ya yi tsada, tana cewa motoci su koma gas. A Kwatano ta ƙasar Benin kuwa ya ji an fara hawan moto, wato babur, mai batir. Mu nan an fi matsa mana mu bar itace mu riƙa dafuwa da gas. A ganinsa dabarar Benin ta fi, don ba a fara da raba mutum da abin hannunsa ba.

Maigida ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, Malam, ni a wanne nake?"

Yaya ya ce lallai farkon akwai wuya. Na kawo musu fura suka sha.

Tukunyar gas ɗinmu ta ƙare a watan, ba mu sake cika ta ba. Na koma murhu. Daga baya na fara sarin gawayi wajen matan garin Tanda, ina kasawa a ƙofar gida. Maigida ya shiga ƙwadago a gonakin shinkafa na bakin kogi, yana dawowa da ƙafafu duk kaushi. Ba mu yi faɗa ba, ban kuma yi kuka ba. Hira ce dai ta ragu.

Bana wani ya ba shi aron fili ya noma na kansa. Ya tambaye ni ko shinkafa ko albasa. Na ce duk wadda ya ga dama. Ya shuka shinkafa.