Kaset ɗin Kalankuwar Tsafe da Na Ƙi Kwafewa

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, kunya ce take riƙe mini hannu.

A ƙarshen shekarun casa'in, ba da jimawa ba da aka ba mu jiha, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Gusau. Ɗan manomi ne ni daga Rawayya, amma tunda na iya buɗe cikin rediyo na mayar, sai na ɗauka na fi kowa a garinmu wayewa. Ina da wata rediyo mai kaset da na haɗa da hannuna daga gawar wasu guda uku, kuma ina ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da babur. Halina a lokacin shi ne, idan ina da abin da wani ba shi da shi, to sai kowa ya sani, kuma sai kowa ya zo wurina kafin ya gani.

A wannan rumfar na haɗu da wasu samari huɗu masu kiɗan jita, irin mai ƙarar nan na Turawa da ake ce wa rok. Uku daga cikinsu Kiristoci ne, 'ya'yan ma'aikata da aiki ya kawo iyayensu daga wasu jihohi, a coci suka koyi jita. Na huɗun, mai ganga, Bahaushe ne ɗan Tsafe. Lasifikarsu ce ta ƙone suka kawo mini, na gyara, daga nan muka saba. Mawaƙinsu dogo ne siriri, mai yawan dariya, Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Shi kaɗai ne ɗa a wurin mahaifiyarsa, wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Bungudu, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana ƙarami. Shi yake tsara waƙoƙinsu, rabi da Hausa rabi da Turanci.

Bayan an gama girbi a shekarar, mai gangar ya samo musu dama su yi wasa a kalankuwa, bikin da samari da 'yan mata ke yi na murnar kaka, a wani fili a bayan Tsafe. Wannan ne karonsu na farko a gaban taro. Aka ba su ɗan lokaci bayan la'asar, tsakanin masu kalangu da 'yan dambe. Na bi su a matsayin mai lura da waya, na kuma tafi da rediyona, da sabbin batura, da sabon kaset. Na ɗora ta a kan benci kusa da lasifika na danna. Da suka fara, wallahi sai da dattawa suka toshe kunne, 'yan mata masu tallar gyaɗa suna ta ƙyalƙyala dariya, wani ma ya tambaye ni ko injin ne ya lalace. Amma a waƙa ta uku sai abu ya canza. Waƙa ce ta yaron da ke zama a bakin hanyar Funtuwa yana duba kowace mota ko babansa zai sauko. Fili ya yi tsit. Wani tsoho mai kalangu ya matso ya shiga kiɗan ba tare da an gayyace shi ba. Ana cikin haka janareta ya mutu, jita ta yi shiru, shi kuwa bai tsaya ba, ya ƙarasa waƙar da muryarsa kawai da kalangun nan. Duk wannan ya shiga kaset ɗina, har da dariyar da ya yi a ƙarshe, da ihun da na kurma kamar ba ni ba.

Daga nan ne laifina ya fara. Duk wanda ya san harkar kaset a lokacin ya san cewa da zarar ka ba mutum ɗaya kwafi, to kafin sati ya zagayo ya cika shaguna da teburan masu shayi, kuma ba wanda zai tuna wa ya ɗauka. Ni kuwa na ɗanɗana daɗin a zo rumfata a cika benci, ana roƙona in saka na Tsafe. Sai na ƙi kwafewa, ko guda ɗaya. Shi kansa mai muryar sau uku yana tambayata. Na farko na ce kan rediyon ya yi datti, sai na wanke. Na biyu na ce ban sami kaset mai kyau ba, ba na son in zuba masa a na banza. Na uku na laƙa wa rashin wuta. Bai taɓa yin fushi ba, sai dai ya yi dariya ya ce ashe ya sami mai gadin murya kyauta. A karo na ukun ne ya ce mini ba don kansa yake so ba, mamarsa ce ba ta taɓa jin sa yana waƙa a gaban jama'a ba, don ba ta zuwa irin wuraren nan. Na ce masa sati mai zuwa in Allah Ya so, kuma har cikin raina na san ba yi zan yi ba.

Da abokai suka fara barazanar za su sace kaset ɗin su kwafe, sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na ɓare takardar da ke jikinsa, na saka shi a wani fasasshen gidan kaset, na kai shi Rawayya na cusa a cikin kwalin matattun kaset da ke ƙarƙashin gadona. Na ce ba ɓarawon da zai duba nan. Abin da ya sa nake tara matattun kaset a gida shi ne, duk damina idan gero ya fara ƙosawa, Baba yakan zare zarensu ya ɗaɗɗaure a kan sanduna ya kewaye gona. Zaren yana walƙiya a rana, yana kuma kuka idan iska ta kaɗa, tsuntsaye sai su tsorata. Ni da kaina nake kawo masa su don wannan aikin. Ba mantawa na yi ba, na dai ce ai zan ɗauke kafin lokacin, sai aiki ya yi yawa, damina ta shigo ban je gida ba.

Wata ranar Talata mai gangar ya zo rumfata ya tsaya bai yi sallama ba. Ya ce mawaƙinsu ya rasu, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Muka je gaisuwa Bungudu. Ina ta ɓuya a bayan mutane, amma aka nuna wa mahaifiyarsa ni. Ta sa aka kira ni, ta riƙe hannuna, ta ce ɗanta ya gaya mata akwai wani mai gyaran rediyo da ya ajiye masa muryarsa. Ta ce hotuna tana da su, amma hoto ba ya magana, tana son ta ji shi ko sau ɗaya ne. Na ce mata Mama, ranar Asabar zan kawo miki har gida, kuma uwar kaset ɗin zan ba ki, ba kwafi ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Rawayya. Na jawo kwalin, babu komai sai fasassun gidaje. Inna ta ce ai Baba ya kwashe tun sati uku da suka wuce. Na ruga gona. Tun daga nesa na hango zare yana sheƙi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sha rana ya sha ruwan sama. Baba ya taro ni da fara'a, yana sa mini albarka, wai bana na kawo da yawa, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Da na gaya masa, sai ya tambaye ni me ya hana ni yi masa alama, ko in gaya wa Inna. Daga nan ya fara kwance zaren da hannunsa, ya bar geronsa a buɗe, muka naɗe shi a kan kara har rana ta faɗi.

Kwana biyu ina rumfa a rufe, ina goge zare, ina haɗawa da jan farce, ina naɗewa da biro. Ban ma san wanne ne nasa a ciki ba, don duk kamarsu ɗaya. Abin da ya fito sai shuuu, da guntun wa'azi, da guntun waƙar Indiya. Muryarsa ko kalma ɗaya ban samu ba.

Ranar Asabar na tafi Bungudu hannu rabbana. Na yi tunanin in ƙi zuwa, amma na san za ta zauna jira. Da na shiga, na tarar ta aro rediyo ta ɗora a kan tebur, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga sabbin batura ko buɗewa ba a yi ba. Ta kira mata biyu 'yan cocinsu, ga sauran samarin uku a zaune. Na durƙusa na faɗi gaskiya tun daga farko, har da ƙaryar wuta da ta kan rediyo. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Sai ta sa aka kawo mini ruwa. Can ta ce tunda ni na ji, in gaya mata yadda aka yi: wace riga ya saka, ko ya ji tsoro, ko mutane sun tafa masa. Na ba ta labarin tsohon mai kalangu da mutuwar janareta. Ta ce in rera mata waƙar. Ni da ba ni da murya, na rera amshin kawai, shi ma ban kai ƙarshe ba. Ta ce duk ranar da na tuna wani abu, in zo in gaya mata. Na riƙa zuwa har ta yi ritaya ta koma garinsu, samarin kuma kowa ya kama gabansa.

Yanzu na yi furfura, kuma waƙar tana zamewa daga kaina a hankali. Wani lokaci ina cikin aiki sai wani layi ya faɗo mini, in ajiye abin da ke hannuna in bi shi, ya ɓace. Ina kewar wannan yammacin, ina kewar abokina, kuma babu wanda zan ce ya saka mini in ƙara ji.

Abin da na koya shi ne, abin da ka ɗauka na wani, murya ce ko hoto, ba naka ba ne don kawai hannunka ne ya danna. Ajiya aka ba ka. Ina roƙon masu karatu, duk wanda ke riƙe da irin wannan a waya ko a akwati yana cewa sai wani satin, ya aika wa masu shi yau, ya kuma ba wani ya ajiye. Kada son a ce kai kaɗai ke da shi ya kai ka inda ya kai ni. Ni na saurari kaset ɗin nan har na gaji da juya shi, matar da ta haife shi kuwa ba ta ji ko sau ɗaya ba.