Maganin da Kawu Ya Raba Biyu

Daga Kazaure zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu na bar Kazaure. Inna ta riga ni tashi, na same ta bakin ƙofa da ƙullin daddawa da kuka da kilishi, duk na ƙanenta Haruna, wanda rabonta da shi tun yana goye. Iyayensu ne suka nufi Makka a ƙasa, suka bar ta wajen kakarta, suka tafi da shi. Guzuri ya ƙare a Sudan, aka zauna neman na gaba, har ƙasa ta rufe idon tsofaffin a can. Tun daga nan sai saƙo a bakin alhazai.

"Sale, ka dubo min shi da kyau," in ji ta. "Kuma ka ja bakinka, ƙasar soja za ka."

"Inna, nan ma ai sojan ne."

"Na nan sun saba da surutunka."

Gaskiyarta. Ni malamin makaranta ne, tambaya ta zame mini jiki. Motar haya ta sauke ni Kano da hantsi. Jirgin da aka ce na azahar ne bai tashi ba sai bayan isha'i, kuma babu wanda ya ce mana ko sannu.

Khartoum

Mun sauka gari bai waye ba, aka ce mu jira, dokar hana fita ba ta ƙare ba. Wani soja ya kwance ƙullin daddawar nan, ya shinshina, ya yi maza ya ƙulle, bai ƙara taɓa kayana ba. Da rana ta fito na karya da wake da burodi da shayi mai zaƙin tsiya, na nemi motar Omdurman.

A bakin gadar Farin Nilu akwai shingen sojoji. Suka duba fasfona, suka duba fuskata, suka bar mu. Daga kasuwar da ke ƙarshen Omdurman na shiga a-kori-kura mai zuwa Dar Salam, unguwar su Kawu Haruna, su boksi suke ce mata. Direban Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Na tambaye shi me ya sa kuɗin mota ya yi tsada haka.

"Ya ustaz, a ciki akwai kuɗin gyaran hanya. Kullum muna biya."

"To ina hanyar?"

Ya nuna gaba da leɓe, daidai inda kwalta ta ƙare, rairayi ya karɓa. "Ga ta nan. Har manyan motocin safa aka nuna mana a talabijin, aka ce namu ne. Ni dai ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba."

Dar Salam

Unguwa ce ta gidajen ƙasa, shimfiɗe har iya ganinka, babu inuwar kirki. Abin da ya fara jan idona wani dogon ƙarfe ne mai farfela a ka, famfon iska. An ce hukuma ta kafa shi da kiɗa da jawabai, ya ba da ruwa na ɗan lokaci, wani ƙarfe ya karye, shi ke nan. Iskar tana nan tana kaɗawa a banza, mutane kuwa sun koma sayen ruwa wajen masu amalanken jaki. Da na tambayi wa ke da alhakin gyara, sai aka dube ni kamar na tambayi wa ke da alhakin rana.

Da na ga Kawu Haruna ban buƙaci a nuna mini shi ba, goshin Inna ne sak. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, muka yi kuka kamar yara. Amma ko tuwon bai bari na gama ba, ya ce in zo mu gaida amininsa Malam Iro a gidan da ke jikin nasa. Tare suka tashi, a kwano ɗaya suke cin abinci tun suna samari.

Mun same shi kwance, fuska da ƙafafu sun kumbura suntum. Duk da haka sai da ya tsokane ni, ya ce ashe mutanen Kazaure har yanzu ba su daina rama ba.

A waje Kawu ya ba ni labari. Wasu mutane ne suka zo unguwar da farar mota, suka ce sun kawo sabon maganin ciwon gaɓoɓi, kyauta. Suka ɗebi jinin tsofaffi, aka dangwala yatsa. Shi Kawu suka ba shi, Malam Iro suka ce ban da shi, ba su faɗi dalili ba.

"Ni kuwa na san dalili," in ji Kawu. "Ba shi da takardar zama ɗan ƙasa. Kullum haka ake yi mana. To ni gwiwata ta yi sauƙi, shi yana rarrafe zuwa masallaci, in zuba masa ido? Sai na raba biyu, ni ɗaya shi ɗaya."

Ya miƙo mini kwalin. Fari ne fat, babu suna, babu ƙasar da aka yi shi, sai wata lamba. Na ce gobe sai asibiti.

Hanyar Soba

Goben ba ta yiwu ba. Direban da muka yi magana da shi ya kwana a layin mai, ya yini a ciki, wata motar kuma ba ta shigowa lungunsu. Wannan yinin da muka rasa har yau yana ci mini rai. Washegari da sassafe muka shimfiɗa Malam Iro a amalanken mai ruwa, jaki ya ja mu har bakin kwalta. Daga nan boksi, sai ƙaramar bas zuwa gada, inda sojoji suka sauke kowa don bincike, har mara lafiyan sai da suka ɗaga mayafinsa. A tsakiyar Khartoum muka sake mota. Mun bar gida rana ba ta fito ba, ba mu isa asibitin Soba ba sai da aka yi azahar.

Likitar da ta karɓe mu matashiya ce mai haƙuri. Tana Larabci, Kawu yana fassara mini. Ta ce ƙodarsa ce ta kusa tsayawa. Ta juya kwalin nan gaba da baya, ta ce in da za ta san abin da ke ciki, da ta san ta inda za ta ɓullo, amma yanzu lalube take yi a duhu. Sai ta tambayi yadda aka yi ya sha, Kawu ya gaya mata. Ta yi wata doguwar magana, na jira fassara, na ji shiru. Na waiwaya, na ga Kawu ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Ita ce ta maimaita mini da Turanci. Ta ce a ganinta ba takarda ce ta sa suka hana shi ba. Jininsa ne ya nuna musu ƙodarsa ba za ta ɗauki maganin ba. Sun sani, suka shiga motarsu suka tafi, ba su ga tsohon ya kai a yi masa bayani ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Alsawra da ofisoshi

Muka bar Malam Iro a hannun ɗansa da ya rako mu, ni da Kawu muka bazama neman sunan magani. An ce masu farar motar sun kama haya a Alsawra, unguwar da ake kiran shiyyoyinta da lamba. Mun sami gidan da kwaɗo a ƙofa. Mai shagon da ke kallonsa ya ce sun kwashe kayansu tun kafin azumi.

Kashegari muka shiga wani ofishin hukuma a Khartoum, inda aka ce nan ake ba da izinin irin wannan aiki. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun karɓe mu da mutunci, har shayi aka kawo. Na farko ya tura mu wajen na biyu, na biyu ya ce mai kula da sashen an yi masa canjin wurin aiki. Na uku, wani mai furfura, ya saurare mu har ƙarshe.

"Ma'alesh," in ji shi, wato a yi haƙuri. "Amma wa ya ce ya ba wani maganinsa?"

Nan na manta da gargaɗin Inna. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce masa kada ya bayar? Wa ya ba su izinin shiga unguwar? Wa ya bi sawunsu ya ga abin da suke rabawa?"

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Kai ɗan wace ƙasa ne? Da izinin ziyara ka shigo, ko na bincike?"

Na ji Kawu yana jan gefen rigata. Ni jirgi zan hau in tafi, shi kuwa nan zai kwana da iyalinsa. Na haɗiye sauran maganata, muka yi godiya, muka fito hannu rabbana. Ban taɓa jin takaicin yin shiru irin na ranar ba.

Soba kuma

Mun koma da la'asar. Malam Iro ya buɗe ido da ƙyar, ya ga Kawu tsaye ya kasa matsowa.

"Haruna, zo mana. Me ka tsaya yi can kamar baƙo?"

"Iro, ni na jawo maka."

"Kai dai ka cika son girma. Komai sai ka ce kai ne." Ya numfasa. "Gwiwar dai ta daina ciwo, wannan ka yi ƙoƙari."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Kafin mu sami motar da za ta kai gawa Omdurman rana ta karkata, aka binne shi dab da magariba.

Ranar da zan taho, Kawu ya rako ni har bakin kwalta. Ya zaro kwalin daga aljihu, da sauran ƙwayoyi a ciki.

"Sale, kai ka yi boko. In ci gaba da sha, ko in bari?"

A duk faɗin garin nan babu ƙofa ɗaya da zan ce ya je ya ƙwanƙwasa a gaya masa. Na ce ya bari har ya sake ganin likitar Soba, alhali na san abin da zuwa Soba yake nufi ga mai ciwon gwiwa.

Gida

Jirgi ya sauke mu Kano da safe, na shiga Kazaure bayan azahar. Inna ba ta bari na cire takalmi ba sai da na zayyana mata komai. Na ƙarasa da cewa kuskuren Kawu ɗaya ne, da bai raba maganin ba.

Ta share ido da gefen zane.

"Da ya shanye shi kaɗai, amininsa yana rarrafe, da ba ɗan uwana ka gano ba," in ji ta. "Ka nemi mai laifi a wani wurin."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mutanen Dar Salam da suka ciyar da ni daga ɗan abin da suke da shi, da likitar da ta yi iya yinta. Allah ya jiƙan Malam Iro, ya sanyaya zuciyar Kawu Haruna.