Gaskiyar Sandar Fatsar Shu'aibu

Da safen nan, ina tsaye a kedai, wato shagon unguwa, ina jiran a ƙulle mini roti in kai wa yara, waya ta shigo. Wai Shu'aibu ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rotin ma a can na baro shi.

Ga wanda bai san shi ba, Shu'aibu abokina ne, mutumin Yawuri. Shekara huɗu muna bene ɗaya a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje, karatu ya kawo mu duka. Ya bar matarsa, Maman Hanif, da yara biyu.

Pak Cik Rahim ne ya kira ni, dattijon nan ɗan ƙasa da suke fita teku tare duk Asabar. Ya ce jiya sun fito daga ruwa lafiya lau, sun ja kayak ɗinsu, 'yan kwale-kwalen roba, zuwa tudu, sun yi La'asar. Suna naɗe kaya Shu'aibu ya dafe ƙirji ya zauna. Aka kai shi asibitin da ke kusa. Har ya kira gida ya ce gajiya ce kawai, kada a taso. Da asuba rai ya yi halinsa.

Na so in rubuta ta'aziyya cikin natsuwa kamar kowa. Wallahi na kasa. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Ko wanka ba a yi masa ba, aka fara yawo da hotonsa a guruf ɗinmu na ɗalibai. Yana tsaye a shago, riƙe da sandar kamun kifi, takardar farashi tana lilo a jikinta, sama da ringgit dubu biyu. Wani ya rubuta a ƙasa: "An turo mutum karatu ya koma su. See what he was spending on, iyali kuma na fama." Wani ya ƙara da cewa ai nutsewa ya yi, son burgewa ne ya kai shi. Har da mai sa alamar ɗaga yatsa.

Haba jama'a! Mutum ne fa ya mutu.

Bai nutse ba. Ko da ma ya nutse, ina ruwanku? Ku ne kuka rubuta masa ajali?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hoton ya tsallaka guruf ɗin mata. Da na shiga gaisuwa, Maman Hanif tana bayan labule, muryarta ta dushe. Ta ce, "Baban Amira, don Allah ka gaya mini gaskiya. Sandar nan haka ya saye ta? Ni ce mini ya yi mai araha ce."

Matar da ta yi wata da watanni tana lallaɓa tukunya ba ta taɓa ƙorafi ba, yau ga gawar mijinta, kun sa tana tambayar ko ƙarya ya yi mata. Kun kyauta.

To, ku saurara. Ni na ɗauki hoton nan. Da wayata, da hannuna.

Bara ne, tsohuwar sandarsa ta karye, ya ja ni Sentul wani shagon kayan su. Ni Bakano ne, ruwan da na sani bai wuce na buta ba, rakiya kawai na yi. Kamun da yake yi ana kiransa jigin: wani ƙarfe ne mai siffar ƙaramin kifi, a sake shi ya nutse har ƙasa, a riƙa fizgo shi sama ana saki, babban kifi ya zaci abinci ne. A zaune yake yi, cikin kayak, ɗan kwale-kwalen roban nan mai cin mutum ɗaya. Wuni guda hannu yana sama yana ƙasa.

Mai shagon, wani ankul ɗan Caina mai tabarau a goshi, ya zaro masa wata sanda daga cikin gilashi. "This one best, boss. Japan punya." Wai ta Japan ce. Shu'aibu ya karɓa, ya lanƙwasa ta, ya yi murmushi. Na ce, "Tsaya haka, Sarkin Ruwa, in ɗauke ka." Na ɗauka, na sa a sitatus, na rubuta cewa mutumina ya zama alhaji. Raha nake yi. Ashe wani ya yi sikirinshot ya ajiye shekara guda, yana jiran rana irin ta yau.

Laifina ne, na karɓa. Amma abin da ya biyo bayan hoton babu wanda ya gani sai ni.

Ya mayar wa ankul sandarsa da hannu biyu. Ya ce, "Too good for me lah, uncle." Ya juyo ya ce mini, "Bakano, ba a shiga kayak da abin da in ya faɗa teku za ka bi shi da kuka."

Daga nan ya koma lungun da ake jingine masu araha kamar rake. Sai da muka yi awa biyu a wurin. Awa biyu! Ni yunwa ta ishe ni, shi ko a jikinsa.

Ya jawo kujerar roba ya zauna a tsakiyar shago, ya miƙe ƙafafu kamar yana cikin kayak. A miƙo masa sanda, ya gwada, ya girgiza kai. Wannan ta yi tsawo, in kifi ya zo gefen jirgi hannu ba zai kai gare shi ba. Wannan ta yi gajarta, in kifi ya kurɗa ta ƙarƙashi ba za ta zagaya hancin jirgin ba. Wata ya ce gindinta ya cika tsawo, zai riƙa sarƙewa da rigar ruwa. Wata kuwa ko gwadawa bai yi ba, zobbanta kawai ya duba ya ce gishiri zai cinye su kafin azumi.

Na ce, "Malam, aure za ka yi ne? Ɗauki ɗaya mu tafi mana."

Ya ce, "Mai kuɗi ne yake saye da sauri. Talaka da ido yake biya."

A ƙarshe ya samu wata baƙa, mara ado, ba ta da nauyi. Ya karanta nauyin ƙarfen da aka rubuta za ta iya ɗauka, ya sa ankul ya riƙe bakinta, shi ya ja. Ta lanƙwasa tun daga sama har kusa da hannu, ba ta yi ƙara ba. Ya ce ita ce. Ba ta kai ɗari biyu ba, kuma sai da ya yi ciniki har ankul ya ɗaga hannu ya ce, "Okay lah, boleh." Ya haɗa da 'yar igiyar da ake ɗaure sanda a jikin jirgi. Muka fito, ya saya mini shayi a mamak, wato gidan shayi da abinci, don in daina mita.

Sandar ke nan da ya mutu ya bari. Tana nan, duk mai shakka ya zo ya gani.

Yanzu kuma ga abin da bai so in faɗa ba. Ya sa na yi masa alkawari, kuma na riƙe har yau. Na san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ba zan zauna ina kallo ana tauna namansa ba. Shu'aibu, ka yafe mini.

Kun tuna lokacin da kuɗin karatu suka maƙale a gida, wata ya bi wata? Lokacin da magidanta suka daina haɗa ido a masallaci? Akwai gidajen da duk Lahadi da hantsi ake danna musu ƙararrawa, su buɗe, babu kowa, sai leda a rataye a ƙarfen ƙofa. Kifi a gyare, da ƙanƙara a ciki. Kuka ce daga surau ne, masallacin unguwa. Wasu suka ce wata maƙwabciya ce 'yar ƙasa. Na ji ana wannan musun a gabansa, yana shan shayinsa, ko tari bai yi ba.

Shi ne. Ni nake tuƙa babur, shi yake hawa bene. Ya danna, ya sauko da gudu, ƙaton mutum da gemu, yana haki yana dariya.

Na taɓa ce masa, "Ka miƙa musu hannu da hannu mana, ai 'yan uwa ne." Ya ce, "In na miƙa, gobe mutum zai gan ni ya sunkuyar da kai. Ni kifi nake so ya ci, ba kunya ba."

Ko Maman Hanif ba ta san iyakar abin ba. Ita dai tana ganin kula ta shigo da nauyi, ta koma ba nauyi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ne, a tashar jirgin ƙasa na LRT. Ya ce sufabaizansa ya amince da babi na huɗu, saura ƙiris. Ya ce akwai gida biyu da aka yi haihuwa, mai jego tana son romon kifi, don haka gobe zai daɗe a ruwa. Ƙofar jirgi tana rufewa ya ɗaga murya, "Bakano, ka sa mai a babur!"

Na sa, Shu'aibu. Wallahi na sa.

Ɗazu Pak Cik Rahim ya iso da motarsa. Ya sauke sandar, ya sauke rigar ruwan, ya sauke kula. Ya ce ya ƙara ƙanƙara sau biyu don kada su lalace. Na buɗe. Leda bakwai, an ƙulle kowacce, an rubuta lambar gida da baƙin maka. Tun a bakin ruwa Shu'aibu ya raba su, kafin ya yi La'asar.

Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ta biyar, ta gidan wanda ya rubuta maganar nan a ƙasan hoto ce.

Na daɗe a tsugune. Zuciyata ta ce in je in buga masa ƙofa, in miƙa masa a gaban matarsa, in tsaya in ga idonsa. Har na miƙe. Amma kifin ba nawa ba ne, kuma mai shi ba haka yake bayarwa ba.

Ba zan faɗi suna ba, yau ko gobe. Kada kowa ya biyo ni inbox.

Na kai wa Maman Hanif sandar, na ajiye a bakin labule, na gaya mata duk abin da na gaya muku. Ta jawo ta ciki. Sai ta ce, "Alhamdulillah. Ka kai musu kafin ƙanƙarar ta narke."

Yanzu zan fita. Zan danna, in sauko, kamar yadda yake yi.

Wanda duk yake da hoton nan a wayarsa ya goge. Za a yi masa sallah bayan La'asar, za a sanar da wuri a guruf.

Ya Allah, bawanka Shu'aibu ya zo maka baƙo daga ƙasar da ba tasa ba. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Maman Hanif haƙuri, ka raya masa Hanif da ƙanwarsa a kan halinsa. Ni ma ka yafe mini hoton nan.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Wanda kuma ya buɗe ƙofa yau ya ga leda, ya dafa ya ci da iyalinsa, halal ce. Ita ce ta ƙarshe.