Katin da Aka Gwada a Ɗakin Kwano

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka tashi daga Gusau, ni da abokin aikina, kwamfutata naɗe cikin bargo a kan cinyata kamar jinjiri. Zanen gine-gine ne sana'ata. Ranar Juma'a zan nuna wa dattawan unguwarmu zanen sabon masallaci yana juyawa a allon kwamfuta, ga shi na ƙona katin hoto, wato ɗan faifan da ke fitar da zanen. Rawar kaina ce ta jawo, na ƙara masa gudu fiye da yadda aka ƙera shi, ya yi ƙauri ya mutu.

Hanya ba laifi, ban da ramukan bayan Tsafe. A Funtuwa layin mai ya fi ƙarfin ido. Direba ya sayi galan wurin 'yan bumburutu yana mita, nan take kuɗin mota ya tashi. Muka karya da koko da ƙosai. A Giwa abokina ya sayi rake, tsotsonsa ya hana kowa gyangyaɗi.

Da hantsi muka sauka Ƙofar Doka, acaɓa ta yi ta kurɗawa da mu lungu bayan lungu har Limancin Kona. Mai sayar da katin da aka kwatanta mana dattijo ne da ya yi ritaya daga gyaran na'urori a jami'a. A soron ƙasa yake aiki, mai sanyi kamar randa.

Ya jera kati uku a kan tabarma. Idona bai ga komai ba sai mafi tsadar. Aka sa shi, na roƙa ya ƙara masa gudu, masallacina ya dinga juyawa sumul. Har hannuna ya kai aljihu.

"Dakata, ɗana. Ofishin naka rufin me ne?"

"Kwano ne, Malam."

"To, in rana ta take ka ɗauko kwamfutar mu je."

Bayan azahar ya kai mu ɗakin kwano a bayan gida inda ake ajiye masara, ya jawo wayar lantarki, ya rufe ƙofa. Muka zauna muna ɗigar da gumi. Ba a jima ba hasumiyar masallacin da ke zanen ta cika da ɗigo-ɗigo kore, allon ya ƙame. Nan na gane haka zai yi mini a gaban dattawa.

Malam ya sa na tsakiyar, wanda na raina, ya ɗaura masa 'yar fanka. Yana ƙara gudun kaɗan-kaɗan, yana taɓa ƙarfen katin da bayan yatsa. Da ɗigo ya leƙo sai ya rage, ya bar shi yana aiki har la'asar.

"Sorona yana rufa wa kati asiri," in ji shi. "Shi ya sa ba na sallamar kowa daga can."

Na tsakiyar na saya. Aka fito mana da tuwon masara miyar kuɓewa, na ci har kunya ta kama ni. Muka kwana Tukur-Tukur wurin 'yan'uwan abokina, Laraba da yamma muna gida.

Abin da na koyo, abu a gwada shi a inda zai yi aiki, kuma mai sayarwar da zai hana ka mafi tsada ya cancanci addu'a. Bayan saukowa daga Juma'a dattawa suka cika ofishina, kwano na ta huci. Liman ya goge gumi ya ce in sake juya musu. Sau bakwai na juya, ina sa wa Malam albarka a zuci, kati ko gezau.