Ƙullin Ƙasar da Bai Je Teku Ba

Jiya ina neman wani tsohon zane a ƙasan adaka, hannuna ya ci karo da shi. Ɗan ƙullin fata ne, bai cika tafin hannu ba. Har yanzu idan ka kai shi hanci za ka ji warin jima da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Na daɗe zaune da shi a cinya.

A hannun kakata na tashi, a wani ƙauye gefen Tsiga. Ruwa mafi girma da muka sani shi ne rafin da ke tsakaninmu da gonar auduga, wanda akuya ke tsallakewa da rani. Daga irin wannan wuri kawuna ya tafi Ikko ya kama aiki a jirgin ruwa. Garinmu ba shi da sunan wannan sana'a. Kakana yakan ce masa mai fito, kamar masu ƙetarar da mutane a kwalekwale. Samari suka fara kiransa ɗan ruwa, kakata ta hana, ta ce sunan iskoki ne, kada a kira mata su gida. Shi kuwa dariya yake yi. Ya ce shi ba matuƙi ba ne, ba kyaftin ba. Can cikin jirgi yake, wajen inji, inda ba a ganin rana.

Duk bayan shekara biyu yakan zo da kaka, lokacin da auduga ta fashe fari fat. A idona babu namijin da ya kai shi. Yana tafiya ƙafa a buɗe kamar ƙasa na lilo da shi, hannuwansa na warin man inji ko ya wanke da sabulu. Yakan zauna gindin rumbu ya ba mu labarin ruwan da ba shi da gaɓa, shuɗi kamar baba a marina. Nakan lumshe ido in gan ni a can, iska na wasa da gyalena.

Wata rana kakata tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Wanda ya cika a can, ina ake kai shi?"

"Ruwa, Inna. A yi masa wanka da salla, a ɗaura masa ƙarfe, a sake shi."

"Ba ƙasa?"

"Ba ƙasa."

Washegari ta je gandu ita kaɗai, ta ɗebo ƙasa a gindin ɗorawa, ta ɗinke ta cikin fata. Ta ce in abin ya zo, ya gaya wa abokan aikinsa su sa masa ita a likkafani, ɗanta ba zai kwanta ba ƙasa ba.

"Inna, har kin fara sallamata ke nan?"

"Karɓi, ban son surutu."

Shekarata tara a lokacin. Na yi lissafina irin na yara: wannan ƙasa ta mutuwa ce, in babu ita a wurinsa ba zai yarda ya mutu a can ba, dole ya dawo. Ran tafiyarsa da hantsi, yana zaure yana sallama da dattawa, na buɗe akwatinsa na zare ƙullin, na cusa shi cikin jinkar ɗakin kakata. Na raka shi bakin hanya, ya hau motar auduga zuwa Funtua, ina ɗaga masa hannu ina jin na yi abin kirki.

Wasiƙa biyu suka zo, ba ta uku. Damina ta faɗi da nauyi, rafin da muke rainawa ya cika ya tafi da saniyar maƙwabcinmu, aka tsince ta a kumbure bayan kwana uku. Kakata ta daina cin kifi. Duk sanda hadari ya haɗu nakan ɗaga kai in dubi jinka, in ji kamar ƙullin nan yana dubana. Auduga ta fashe, aka tsince, ta sake fashewa. Bai zo ba.

Wanda ya zo wani Banufe ne dogo, ɗauke da akwatin da na sani. Tun daga nesa na ga irin tafiyarsa, ƙafa a buɗe kamar ta kawuna. Ya durƙusa gaban kakata ya ce zazzaɓi ne, a tsakiyar teku, su huɗu Musulmin jirgin suka yi masa sutura.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kun sa masa ƙasar?"

Ya ce, "Mun sa, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuska ga bango.

Ni aka aika in kai masa fura zaure. Ina bakin ƙofa na ji yana ce wa kakana, "Malam, ban iya gaya wa tsohuwa ba. Babu ƙasar. Tun makon farko ya zazzage akwatin nan yana nema. Da ciwon ya yi tsanani ba ya kiran komai sai ita."

Kakana ya ce a bar maganar nan a zaure. A nan ta tsaya. Kakata ta rayu shekara goma sha ɗaya tana cewa ɗanta yana kwance da ƙasar gandu a ƙirjinsa, ni kuma ina kwana ƙarƙashin jinkar. Da aka zo sa wa ɗakin rufin kwano na riga masu aiki hawa, na ciro ƙullin.

Yanzu gandun nan gidaje ne, an sare ɗorawar, ƙasar da ta rage mana ita ce wannan ta cikin ƙullin. Teku ma ta shigo gida, yara na kallonta a waya. A nan ɗana na fari ya gan ta, ya yi karatunta, ya samu gurbi a wani jirgin dakon kaya. Ya ce yanzu ba kamar da ba ne, akwai magani, akwai waya. Jibi zai tafi.

Ɗazu na sa masa ƙullin a jaka, ƙarƙashin dardumar salla. Da na ɗago sai na ga autata tsaye bakin ƙofa, idonta a kan jakar. Na san wannan kallon. Na sa kwaɗo na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena.